Yadda ake ƙuntata wa jarumai guzuri a wasan labari na kan tebur

Wasan labari irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa na taka rawar jarumi ɗaya, yakan yi lami da zarar jarumai sun daina tsoron komai. Kibiya ba ta ƙarewa a kwari, ruwa ba ya ƙarewa a salka, wanda ya ji rauni ya kwanta ya tashi garau. Masu jan labari da yawa sai su ƙara wa dodo girma. Ni a ganina jakar guzuri ya kamata a taɓa, don daga nan zaɓi mai wuya yake fitowa.

Da farko, ka zaɓi abu biyu ko uku kawai da za a riƙa ƙirgawa. Idan ka ce har gishiri da igiya sai an rubuta, zaman zai koma ajin lissafi. Ruwa da haske da kibau sun isa. Ka kuma faɗa wa abokan wasanka tun kafin a jefa dayis ɗin farko, don ƙunci da aka yi shi cikin ɓoye zalunci ne.

Na biyu, a ga abin da ido. Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci. Lamba a takarda ba ta tayar da hankalin kowa, amma ka zube tsinken ashana 20 a gaban maharbi a matsayin kibansa, ka ɗauke ɗaya duk harbi, ka ga yadda hannunsa zai fara nauyi idan saura huɗu. Ruwa kuma a ƙirga shi da ƙwayar gyaɗa a murfin kwano, tsakiyar tabarma, inda kowa ke kallo. Dokokin bugu na biyar na wasan, na 2014, sun ce mutum na buƙatar galan ɗaya a rana, kusan lita huɗu, galan biyu kuma idan ana zafi. Ɗan Zariya da ya san ranar watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. A ce ayarin ya fita ta Ƙofar Doka ya nufi dutsen Kufena, suka tarar rijiyar zango ta ƙafe, gyaɗa shida ta rage, su kuma biyar ne da jaki. Yanzu muhawara za ta kaure: a juya, ko a saki jakin da kayansa?

Na uku, ka riƙe hutu da kyau. A ƙa'ida gajeren hutu awa ɗaya ne, dogo awa takwas, kuma dogon yana mayar da lafiya da ƙarfin sihiri duka. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ba da wani zaɓi: gajere ya zama awa takwas, dogo kwana bakwai. Ko ka ce ba a samun dogon hutu sai a cikin ganuwa. Mai sihiri a matakin farko gurbi biyu gare shi, wato damar yin babban sihiri sau biyu kafin ya huta, sai ya yi tunani kafin ya kashe ɗaya a kan kura.

Haske ba ya buƙatar dogon bayani. Wutar itace da ake riƙewa a hannu don haska hanya awa ɗaya take ci, a Shadowdark ma, wani wasan labarin, awar gaske ce ta agogo. Saita ƙararrawar waya, ka kife ta.

Na ƙarshe, kowane ƙunci ka bar masa ƙofa, amma mai tsada. Makiyayi zai ba su nono idan sun raka shi neman saniyarsa, fatake za su sayar da ruwa ninki uku, akwai tafki amma ƙauyen da ke kusa sun hana a taɓa shi. Idan ka ga 'yan wasa sun yi shiru suna ta juya takardunsu ba mai kawo dabara, ka matse da yawa: sa su tsinci salka rabi a hanya, tare da sawun wanda ya yar da ita.