Yadda za ki fara koya wa 'yarki kamun kifi da 'yar farautar bakin gona

Ni a gefen Yauri na tashi, babanmu masunci ne, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba sai da muka jeru mu huɗu mata, to kin ga dole ta sa ni na zama mai riƙe masa filafili tun ina 'yar shekara tara. Mutane sun yi ta magana, wai ya za a yi mace ta shiga jirgin su, shi kuwa bai taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu ga ni da tawa 'yar da kuma 'yar ƙanwata ina koya musu, kuma mata da yawa suna tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Abin da ke damuna shi ne, duk wahalar kifi daga lokacin da ya fito ruwa a hannun mace take. Ita ce mai kankare ƙaya, ita ce mai fede ciki, ita ce mai zama gaban tanda tana banda hayaƙi na cin idonta, ita ce mai ɗauka a kai zuwa kasuwa, amma kifin sai ta saya a hannun mai jirgi a farashin da ya ga dama. Ko bikin Argungu da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2016, sunan kogin Matan Fada, amma ranar babban su maza ne ke ruguwa cikin ruwa da homa da gora, mata na gefe suna kallo. Ban ce a canja biki ba, al'ada ce mai tsari nata. Ni dai magana ta ita ce ranar Talata ta yau da kullum, a bakin rafin ƙauyenku, babu abin da ya hana yarinya ta jefa ƙugiya. Addini ma bai hana ba, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa, ba ta ware maza ba.

Kafin komai ki gyara zancen gida. Ki yi magana da mahaifinta, in ke ce za ki koya ki yi da maigida, kar a wayi gari a ji a bakin mutane. Sannan ruwa yana da masu shi, kusan ko'ina akwai Sarkin Ruwa ko wani dattijon Sarkawa da ke kula da wurin, a je a gaishe shi a ce baba ga yarinya tana son koyo, ina ne ya dace ta tsaya. Wallahi wannan gaisuwar kaɗai tana rage rabin surutu, kuma shi ne zai faɗa muku inda gurbi yake mai zurfi, inda kada ke shan hantsi, da inda dorina ke fitowa, don mu nan Yauri dorina ba labari ba ce, tana kifar da jirgi tana cinye shinkafar mutane. Kuma yarinya ba ta zuwa bakin ruwa ita kaɗai, ko da ke, ko da yayanta ko kawunta, ko ku haɗu mata uku huɗu.

Da fatsa ake farawa, wato sanda da ƙugiya, ba da raga irin su birgi da kalli ba, balle taru, babbar ragar da sai ƙarti sun ja. Ki samo sandar gora mara nauyi wadda ta ɗan fi tsawon yarinyar, zaren roba na kamun kifi, da ƙananan ƙugiyoyi, waɗanda lanƙwasarsu ba ta wuce faɗin farcen ƙaramin yatsanki ba. Kuskuren masu fara koyo kenan, su sayo ƙatuwar ƙugiya suna mafarkin giwan ruwa, su wuni karfasa na cinye musu koto ba ta kamu ba. Tsawon zaren ya yi daidai da sandar ko ya ɗara kaɗan. Sama da ƙugiyar kamar taƙi ɗaya ki ɗaura ɗan abu mai nauyi, sama kuma ki soka guntun tsohon silifa, shi ne zai yi ta yawo a saman ruwa yana ba ta labarin abin da ke faruwa a ƙasa. Wajen abu mai nauyin nan don Allah ki yi amfani da ƙaramin noti na keke. Masunta da yawa dalma suke sawa kuma da haƙori suke matse ta, yarinya in ta gani za ta kwaikwaya, mu kuwa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Koto ita za ta nemo da kanta. Ku je inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya ko gindin ayaba ku tona, tana na nan. Ranar farko za ta yi ihu ta yar, ba komai, tawa ma sai da ta yi kwana uku tana ɗaukar tana da ganye. Ki nuna mata sau ɗaya yadda ake zura ƙugiya ta cikin jikin tanar har tsinin ya ɓuya a bar ɗan jela yana motsi, daga nan ki bar ta. Fara da gara ma suna yi, tuwon da aka murza da dusa yana jan karfasa, tarwaɗa kuwa abu mai ƙarni take so, hanjin kaza ya fi mata komai.

Sai kayan da za ta sa. Wannan na ɗauke shi da zafi don na taɓa ganin abin da dogon hijabi ke yi a ruwa, yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe hannu ya rufe fuska, zani kuma ya harɗe ƙafa. Ta sa wando mai kauri da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin wuyan riga, suturarta ta cika kuma ba abin da zai ja ta. Takalmi mai rufe ƙafa saboda kwalba da ƙaya. Ke kuma ki riƙe jarka mai lita 20, babu komai ciki, murfi a ɗaure tam, da doguwar igiya ɗaure a hannun jarkar. In wani ya zame, jarkar ake jefa masa a jawo, wanda bai iya iyo ba ba ya faɗawa ceto, haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Zancen jirgi kuwa a ajiye shi sai ta iya iyo, kuma ko ta iya sai da rigar kariya ta ruwa. Har yau in na tuna jirgin Bagwai na 2021 da ya nutse da 'yan Islamiyya, ko na Warrah a nan Kebbi a shekarar, sai jikina ya mutu.

Lokaci mai kyau shi ne bayan asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa kafin magariba, kuma in son samu ne ku fara da kaka lokacin da ruwa ya fara janyewa, kifi ya ƙoshi ya taru a ƴan gurabe. Ku nemi inda ruwa ke kwance kusa da ciyawa ko saiwar bishiya. Ta zauna, kar inuwarta ta faɗa kan ruwan, ta lilo zaren a hankali ta sauke, ba a yin wurgi ta bayan kai, haka ake kama kunnen ƙanwa. Daga nan sai kallon silifa. In yana ɗan rawa kifi na ɗanɗano ne, ta bari. In ya nutse ko ya fara tafiya gefe, sai ta ɗaga sandar da ɗan sauri da wuyan hannu kawai, ba fizga da dukkan ƙarfi ba.

Nan ne wurin da iyaye ke ɓata abin, kuma shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Silifa na nutsewa sai ki ga babba ya yi wuf ya karɓe sandar, wai kar kifin ya kuɓuce. Kar ki karɓa. Ko zai kuɓuce sau goma ya kuɓuce. Ranar da 'yata ta kama na farkonta ina zaune a bayanta na sa hannayena ƙarƙashin cinya don kar su yi min gardama, sandar na rawa, tana ta Umma Umma zo ki karɓa, na ce ja abinki. Da ta ɗago wata 'yar karfasa da ba ta fi tafin hannuna ba tana walƙiya a rana, sai ta tsaya shiru tana kallonta kamar ba ta yarda ba, can ta ce Umma ni na kama. Daga ranar ban sake tashinta da asuba ba, ita ke tashina. Kuma kar ku daɗe, awa ɗaya ta isa a farko, ku tashi tun tana marmari.

Ki koya mata sanin abin da ta kama kafin ta kai hannu. Karfasa ana shafo ƙayar bayanta daga kai zuwa jela ta kwanta sannan a riƙe. Tarwaɗa santsi gare ta kuma tana da tsinke a gefen kai, a danne ta da tsumma. Kurungu ya fi su mugunta, ƙayoyinsa uku suna miƙewa su kafe, sukarsa na sa hannu ya kwana yana zugi. In kuwa ta ɗago wani mai taushi mai ƙiba mai ɗigo-ɗigo marar ƙaya a baya, minjirya ce, kar ta taɓa, tana jan mutum kamar wayar lantarki, a yanke zaren kawai. Idan ƙugiya ta shige yatsa har ta wuce ɗan haƙorin nan da ke bayan tsininta ba a fizgowa baya, a je asibiti a cire a yi allurar tetanus. Ƙananan kifi a mayar ruwa, haka karfasar da kika buɗe bakinta kika ga ƙwai ko ƴaƴa a ciki, don a baki uwar ke renon su, ki nuna wa yarinyar ta gani da idonta sannan ta sake ta da hannunta. Ta kuma taso da sanin cewa kamun kifi da gidan sauro da zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa ɓarna ce, yana kashe har abin da ba a haifa ba kuma mutane ne za su ci gubar.

Akwai tsargiya, kar a ɓoye. Ƙwayar cutar daga ƙananan katantanwa take fitowa a ruwan da ke kwance, ta fata take shiga, kuma a mace ba fitsarin jini kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa mahaifa da gaba. Shi ya sa na fi son mai koyo ta tsaya a tudu ba ta tsunduma ba sai da dalili. In kin ga jini a fitsari ko ciwon mara da ya ƙi tafiya ku je asibiti, maganinta praziquantel ne, kuma ana raba shi a makarantu a wurare da yawa.

Farauta kuwa zan taƙaita, don dajin yanzu ba na da ba ne, ba zan ce wa kowa ta kai 'yarta cikin ƙungurmin daji ba a wannan hali na tsaro. Amma mace na iyawa, ga A'isha Bakari Gombi a Adamawa da ake kira sarauniyar mafarauta, tun tana yarinya take bin manyan gidansu daji, har ta zo ta jagoranci maza wajen fatattakar Boko Haram. Ke dai ki fara a bakin gona bayan girbi. Sawu za ta fara koyo, ta bambance na zomo da na kurege, ta gane inda zabin daji da fakara ke birgima a ƙura, ta iya tafiya iska na bugun fuskarta don kar dabba ta shinshino ta. Sai danƙo, a jera gwangwanaye a taku goma ta yi ta harbi, ba kowa a bayan gwangwanin, sai tana samun bakwai cikin goma sannan ta nufi kurciya ko hasbiya. Abin da dutsen danƙo ya kashe nan take ba a ci, sai an same shi da rai an yi bismillah an yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi na jikinku. Kuma yankan mace ya halatta, hadisin baiwar Ka'abu ɗan Malik da ta yanka tunkiya da dutse Annabi (SAW) ya ce a ci yana cikin Bukhari, ki tambayi malamin unguwarku ya karanta miki. Tarko in an ɗana a duba shi safe da yamma, ba a barin dabba ta kwana tana wahala. Ɓera kam a bar shi kwata-kwata saboda zazzaɓin Lassa. Bindiga ba ta yara ba ce, babba ma sai da lasisin 'yan sanda, kuma wurare irin su Yankari da gandun dajin Kainji an hana farauta a ciki.

Kifin farkon nan, komai ƙanƙantarsa, kar a jefa shi cikin na kowa. Ta kankare da kanta, ta fede ta cire matsarmamar a hankali kar ta fashe ta ɗaci naman, a sa gishiri da ɗan yaji a soya shi daban, ta kai wa babanta a faranti. In kamun ya fara yawa ki bar ta ta sayar da rabi ta riƙe kuɗin, tawa da kuɗin tarwaɗa biyu ta sayi ƙugiyoyinta na gaba da zare, yanzu kuma ta dame ni sai na kai ta wajen kawunta ya nuna mata yadda ake ɗana gura, wato tarkon kifi.