Yadda Ake Gane Rikiɗaɗɗen Dutse a Kewayen Zariya

Rikiɗaɗɗen dutse shi ne wanda zafi da nauyin ƙasar da ke bisansa suka sauya masa kamanni ba tare da ya narke ba. Zariya tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsun da wani babban motsin ƙasa ya matse kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, don haka mai nema ba sai ya yi nisa ba.

Da farko a nemi wurin da jar marmara ba ta rufe dutsen ba, kamar bakin rafin Kubanni da rani ko inda ake fasa dutse. A sa guduma a ɓalle ɗan gutsure, domin bayan dutsen rana da ruwan sama sun riga sun ɓata shi, sannan a jiƙa sabuwar fuskar da ruwa.

Abin dubawa mafi muhimmanci shi ne jerin ƙwayoyinsa. Matsi yana tilasta wa ma'adinai su kwanta ta fuska guda, kamar zare a jikin saƙi. Idan aka ga ratsin fari da baƙi suna bin juna, wani lokaci har sun lanƙwashe kamar an naɗe tabarma, wannan shi ne nais, wanda ya sha zafi mai tsanani. Idan kuwa dutsen yana ƙyalli a rana, yana kuma ɓarewa falle-falle, shist ne, kuma asalinsa sau da yawa laka ce da ta daskare. Yana da kyau a ajiye gutsuren dutsen Kufena a gefe don kwatantawa, domin shi giranit ne da ya sandare daga narkakken dutse, ƙwayoyinsa a warwatse suke babu jeri.

Waɗanda ba su da ratsi su ne suka fi ruɗar mai koyo, kuma a ganina launi ba abin dogaro ba ne a nan. A gwada da wuƙa da kwalba. Kwazayit, wanda ya samo asali daga dutsen yashi, yana karce kwalba, wuƙa ba ta kama shi. Mabul, wanda ya samo asali daga dutsen farar ƙasa, irin na Jakura a Jihar Kogi, wuƙa tana karce shi cikin sauƙi, kuma idan aka ɗiga masa ruwan asid mai rauni sai ya yi kumfa.