Yadda na gyara tsallen madubi a ɗakin gwajinmu

Kwana uku manhajar da na rubuta don sarrafa motar (wato ƙaramin injin lantarki) da ke juya madubin leza tana hana ni barci. Aikinta ta karanta na'urar auna matsayi, ta aika wa motar umarni, sau 1000 a kowace daƙiƙa. Yawanci lafiya lau, sai can ka ji motar ta yi ƙir, jan ɗigon hasken da ke jikin allo ya goce. Awon ranar ya lalace ke nan.

Wayoyi na fara zargi, na canza su kaf, a banza. Da na kunna cyclictest, manhajar da ke auna jinkirin kwamfuta wajen tada aiki a kan lokaci, sai ga jinkirin yana haura mili-daƙiƙa ɗaya jefi-jefi. Ashe kernel ɗin Linux ɗina, wato zuciyar tsarin kwamfutar da ke raba wa manhajoji lokacin aiki, na gama-gari ne. Na sake haɗa shi da PREEMPT_RT, tsarin da ke sa kernel ya ba aikin gaggawa hanya nan take, wanda tun sigar 6.12 ta shekarar 2024 yake cikin ainihin kernel, ba sai ka nemo faci ba. Tsallen ya ragu, amma bai tafi ba.

Sauran daga wurina yake. A cikin zagayen sarrafawar nake rubuta bayanan awo a faifai, kuma faifai yakan sa manhaja jira. Na mayar da rubutun zuwa wani zare daban, wato wani layin aiki mai zaman kansa a cikin manhajar. Na kira mlockall don a kulle ƙwaƙwalwar manhajar a RAM, na ba zaren sarrafawa SCHED_FIFO (tsarin da ke sa shi gaba da ayyukan yau da kullum) da fifiko 80, sannan na ware masa cibiya guda daga cikin cibiyoyin lissafi na kwamfutar da umarnin isolcpus=3.

Na bar shi ya kwana yana aiki. Da safe na tarar da ɗigon a kan alamar fensir ɗin da na yi masa.