Darasi na 7: Zaɓen na'urar auna yanayi ta jirgin ruwa

Duk wanda ya taɓa tuƙa jirgi a tafkin Kainji ko Tafkin Cadi da damina ya san halin hadari. Gari ya yi tsit, zufa na karyo wa kowa, sai ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta bugo, kafin ka karkata akalar jirgi igiyar ruwa ta fara watsowa kan buhuna. Akwai na'urorin da ke taimaka wa matuƙi a irin wannan hali, amma sai an san wadda za a saya.

Ta farko ita ce mai auna ƙarfin iska. Iri biyu ce. Akwai mai kofuna uku da iska ke juyawa, da kibiya mai nuna inda iskar ta fito. Ta fi araha, kuma ko ta tsaya za ka gani da idonka. Matsalarta ƙurar hunturu, wadda ke shiga cikinta ta sa juyawar ta yi nauyi, sai ta riƙa nuna iska ba ta kai yadda take ba. Ɗayar ba ta da abin da ke juyawa, da sautin da kunne ba ya ji take awo. Kamfanin Airmar na yin irinta. Tana da tsada, amma mai jirgin fasinja da ke kan ruwa kullum, ita nake ba shi shawara.

Awon iska a ruwa da not ake yin sa. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Idan allo ya nuna not 20, wato kilomita 37 a awa, jirgin katako mai lodi ba shi da abin yi a tsakiyar ruwa. Ka kuma lura: jirgi idan yana gudu shi ma yana haifar da iska. Na'urar da ba ta san gudun jirgin ba, sai ta haɗa iskar gari da ta gudun jirgin ta ba ka. Saboda haka nemi wadda ke da GPS a cikinta, ko wadda za a haɗa da naka.

Ta biyu ita ce baromita, mai auna nauyin iska. A bakin teku takan nuna kusan 1013. A Tafkin Cadi, da yake ƙasar ta fi tudu, za ka ga wajen 980, kuma ba lalacewa ta yi ba. A ƙasashenmu masu zafi lambar kan hau da misalin ƙarfe 10, ta sauka da misalin ƙarfe 4, dare da rana. Wannan al'adarta ce. Abin lura shi ne ranar da ta saɓa wa al'adar. Sai dai in gaya maka gaskiya, hadarin gabas yakan zo da sauri, sau da yawa baromita ba ta motsawa sai ya iso. Kada allo ya hana ka ɗaga kai ka dubi sama.

Kafin ka ba da kuɗi, duba bayan allon jirginka. Na'urorin jirgi suna magana da juna ta hanya biyu, NMEA 0183 da NMEA 2000. Wayoyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba sa jin juna sai da ƙaramin akwati mai sada su. Ɗauki hoton wurin jona waya ka nuna wa mai shago. Tambaye shi ko da batir mai bolt 12 na'urar take aiki. Duba kwali ka ga ko an rubuta IP67: 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 na nufin ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa za ta jure.

Ɗaura mai auna ƙarfin iskar a kan doguwar sanda, sama da rumfa, nesa da hayaƙin inji. Mai ƙaramin kwalekwale wanda ba shi da allo, ta hannu mai batir ta ishe shi.

Aikin gida: nemi baromita, wasu wayoyin hannu ma suna da ita. Kwana bakwai a jere, rubuta lambar da ta nuna da ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma, tare da yadda ka ga sama a ranar. Kawo littafinka aji mako mai zuwa.