Yadda Za Ku Yi Bikin Kirsimeti da Ƙananan Yara a Gida

Yaro ɗan shekara huɗu bai san Disamba ba, bai kuma san "saura mako uku" ba. Abin da ya sani shi ne yau, sai gobe idan ya kwana ya tashi. Shi ya sa da zarar ya ji an ambaci Kirsimeti zai riƙa binku safe da yamma: "Mama, yau ne? Baba, gobe ne?" Idan kuka bar komai sai ranar 25 ga wata, za ku tara masa labari da waƙa da baƙi da kyauta a yini ɗaya, abin ya fi ƙarfinsa. Na taɓa yin haka da ɗana na fari, ya kwanta yana kuka a ranar da na fi so ya yi murna, abin kuwa ya daɗe yana damuna. Tun daga wannan shekara nake shimfiɗa bikin, kaɗan-kaɗan kowace yamma. Ga yadda za ku yi.

Mataki na 1: Ku sa jiran ya zama abin da ido ke gani

Ikkilisiyoyi da yawa suna fara shiri a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda ke faɗawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Lokacin nan ake kira Adbent, ma'anarsa zuwa. Tambayar nan ta yara kuwa tsohuwa ce. A 1839, Johann Hinrich Wichern, wani mai hidimar bishara da ke riƙe da gidan yara marasa galihu a birnin Hamburg na Jamus, ya ga yaransa kullum suna tambayar yaushe ne ranar. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya jera kyandirori a kanta, ƙanana na ranakun mako, manya na Lahadi, kowace rana a ƙara kunna ɗaya. Daga nan aka samo rawanin kyandir huɗu da ake gani a gidaje da majami'u.

Naku ba sai ya yi ado ba. Faranti mai faɗi, kyandir huɗu, ɗan koren ganye a kewaye, in kuna so ku ƙara fari ɗaya a tsakiya don ranar haihuwar. Lahadi ta farko a kunna ɗaya, ta biyu a kunna biyu, haka har huɗu. Babba ke kunnawa, yaro ke hurewa, kuma kada a bar wuta da yara a ɗaki ko na ƙiftawar ido. Ganyen da ya bushe a sauya shi, don ba ya wasa da wuta. Idan akwai mai rarrafe a gidan, ku bar kyandir ku yi sarƙar takarda, zobe ɗaya ga kowace rana, yaro ya riƙa cire ɗaya kafin barci. Da idonsa zai ga sarƙar tana raguwa.

Mataki na 2: Ku gutsura labarin

Kada ku karanta sura guda ga wanda ba ya iya zaman minti biyar. Mako na farko ku tsaya kan mala'ika Jibra'ilu da Maryamu a Nazarat, Luka 1:26-38. Mako na biyu, mafarkin Yusufu, Matiyu 1:18-25. Na uku, ziyarar Maryamu wurin Alisabatu, inda jaririn cikin Alisabatu ya motsa da jin gaisuwarta; yara na son wannan ƙwarai, musamman in akwai mai juna biyu a dangi. Na huɗu, umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya da tafiya zuwa Baitalami, Luka 2:1-5. Makiyaya da mala'iku ku ɓoye su sai jajibere.

Ku fara karantawa ku kaɗai, sa'an nan ku rufe Littafi Mai Tsarki ku faɗa da bakinku, da muryar da kuke yi musu hira. Gutsure ɗaya ɗin nan za ku maimaita mako guda cur. Ku ne za ku gaji da maimaici, su ba sa gajiya. Kafin kwana uku, idan kuka ce "sai mala'ikan ya ce mata…" kuka yi shiru, za ku ji ƙaramar murya ta ƙarasa, "kada ki ji tsoro."

Abu ɗaya nake roƙonku: ku san abin da aka rubuta da abin da hotuna suka ƙara. Luka bai ambaci jaki ba, bai ambaci mai masauki ba. Matiyu bai ce masana taurari su uku ne ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Kyautarsu ce iri uku. Ba laifi ba ne a sa jaki a wasa, amma ranar da ɗan shekara bakwai ya tambaya, ku gaya masa gaskiya. Yaron da ya ga iyayensa ba sa ƙara wa Maganar Allah gishiri zai amince da su a manyan tambayoyin da ke gaba.

Mataki na 3: Ku gina komin dabbobi tare da su

Idan abu ɗaya kawai za ku iya yi cikin duk waɗannan, to ku yi wannan. A 1223, Faransis na Asisi, wani mai wa'azi ɗan Italiya, ya shirya komi da ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai a ƙauyen Greccio na Italiya, domin mutane su ga da idonsu irin talaucin da aka haifi Almasihu a ciki. Abin da ya yi wa manya shi ne ƙaramin yaro ya fi bukata, don shi da hannu yake ganewa.

Ku samo kwali ya zama rumfa. Mutanen kuma ku yi su da yumɓu, ko takarda mai kauri, ko tsumma da zare. Ku bar yaran su yi da kansu, ko tunkiyar ta fito da ƙafa uku kada ku gyara. Kayan da ke fashewa, waɗanda za ku yini kuna cewa "kada ka taɓa", ba su da amfani a nan. Ku ajiye rumfar a ƙasa, daidai tsayinsu. In akwai wanda bai kai shekara uku ba, kada a sa wani abu ƙarami da zai iya haɗiyewa.

Komin ya zauna wayam. Maryamu da Yusufu ku kai su can ƙarshen ɗaki, kowace yamma yaro ya matso da su taki ɗaya. Ku gaya masa daga Nazarat zuwa Baitalami ya fi kilomita 100, tafiyar kwanaki ce, ga kuma mace da tsohon ciki. Masana taurari su fara daga wani ɗakin ma, tun da daga gabas mai nisa suka taso. Jaririn kuwa yana hannunku a ɓoye.

Wasu iyaye kan ajiye busasshiyar ciyawa a gefe, duk wanda ya yi wani alheri ya sa sili ɗaya a komin, don jaririn ya sami shimfiɗa mai taushi. Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: ba a cire sili don horo. Haka nan ku kiyayi cewa "in ba ka natsu ba, babu kyauta." Na san yadda maganar ke zuwa baki idan an gaji. Amma tana koya wa yaro kishiyar abin da muke biki a kai, domin Allah bai jira mun cancanta ba kafin ya ba da Ɗansa.

Mataki na 4: Kyauta ta shigo, kyauta ta fita

Yaranku za su ga hoton dattijon nan mai jan kaya da farin gemu, za su kuma tambaya. Ku ba su asalinsa: Nikolas ne asalin wannan dattijo da ake kira Santa Claus. Nikolas bishop ne na garin Mira, a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, ana tunawa da shi ranar 6 ga Disamba. Labarin da aka gada ya ce yakan je da dare ya jefa zinariya a gidan wani matalauci mai 'ya'ya mata uku, don kada a san shi ya bayar. To, ku sa yaran su yi irin tasa. Kowa ya zaɓi abin wasa ko tufa mai kyau, ba wanda ya lalace ba, a naɗe, ya kai da hannunsa ga yaron da ba shi da shi. Ranar 26 ga wata ta dace da haka, ranar tunawa da Istifanas, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa su lura da rabon abincin gwauraye a Ayyukan Manzanni 6.

Nasu kuma ku taƙaita. Ɗaya ko biyu da yaro zai yi wasa da su sun fi tulin da zai yaga ya watsar. Kada ku ci bashi saboda wannan. Fuskar uban da bashi ya hana barci, yara na karanta ta.

Mataki na 5: Jajibere da ranar kanta

Ku kare barcinsu da lokacin cin abincinsu, mafi yawan kukan ranar biki daga nan yake fitowa. Idan sujadar dare za ta kai su tsakar dare, ku kai ƙananan ta safe. Tun a gida ku gaya musu abin da za su tarar, ku koya musu amshin waƙa ɗaya, ku zauna kusa da ƙofa.

Kafin a buɗe kowace kyauta, iyali su taru gaban rumfar. A kunna kyandirori duka. A karanta Luka 2:1-20, yau kam gaba ɗaya, don sun riga sun san farkonsa. Da an kai inda Maryamu ta naɗe ɗanta da zane ta kwantar da shi a komin dabbobi, sai mai karatu ya dakata, autan gida ya karɓi jaririn ya kwantar da shi. Manyan su kawo makiyaya. Kowa ya yi addu'ar godiya jimla ɗaya, har wanda bai iya magana sosai ba. Minti goma sun isa.

Mataki na 6: Kada ku kwashe kaya washegari

Bikin na ci gaba kwana 12, har zuwa 6 ga Janairu. Ranar 1 ga Janairu ita ce kwana na takwas, ranar da aka yi wa jaririn kaciya aka raɗa masa suna Yesu, Luka 2:21. Ku zaunar da kowane yaro a cinya ku gaya masa ma'anar sunansa da dalilin da ya sa kuka zaɓa masa shi. Ku ƙara musu da cewa 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu bikin.

Ranar 6 masana taurari su iso, da zinariya da lubban da mur, Matiyu 2:1-12. Abin da ya biyo baya, fushin sarki Hirudus da kisan yaran Baitalami, ku auna shi da shekarun mai sauraro. Ƙaramin yaro ya ishe shi ya ji cewa wani mugun sarki ya nemi cutar da jaririn, Allah ya gargaɗi Yusufu a mafarki, suka gudu Masar da dare. Ɗan shekara takwas ko tara zai iya jin sauran, ku kuma yi addu'a tare domin iyalan da ke gudun hijira a yau.

Da yammar nan ku kwashe kayan tare da su. Kowa ya naɗe abin da ya ƙera a tsumma, ku rubuta sunansa da shekarar a ƙarƙashi, har tunkiyar nan mai ƙafa uku. Ku sa a kwali, ku rubuta a jikinsa ranar da Lahadi ta farko ta Adbent mai zuwa za ta faɗo, ku ɗora shi inda danshi ba zai kai ba.