Yadda Ake Gano Ciwon Tayirod a Jikin Mace

Tayirod wani ɗan sashe ne a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, mai fitar da sinadaran T4 da T3 da ke daidaita saurin aikin jiki. In ya kumbura shi ne maƙoƙo. Sai dai mata da yawa suna da ciwon, wuyansu kuma lafiya lau, shi ya sa ake ta ba su maganin taifod da zazzaɓin cizon sauro a kemis, ba sauƙi.

Fara da lura da jikinki. Idan aikin tayirod ya yi ƙasa, za ki ga kasala, ƙiba ba dalili, jin sanyi ko a bazarar Katsina, zubewar gashi, taurin bayan gida, da haila mai yawa. Idan ya yi yawa kuwa, sai rama ga ci kamar me, zufa, faɗuwar gaba, rawar hannu da rashin barci. Ɓari a jere ko jinkirin haihuwa ma dalili ne na dubawa. Haka mai jego: ciwon kan taso cikin shekarar farko bayan haihuwa, a ce gajiyar shayarwa ce.

Alamu ba su yanke hukunci, jini ne ke yankewa. A Babban Asibitin Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki nemi likita ya rubuta miki gwajin TSH, tare da T4 in da hali. Ba sai kin ƙi cin abinci ba. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0.

Nan ake ruɗewa, don karatun a juye yake. TSH daga kai yake zuwa yana kiran tayirod ya yi aiki, kamar uwa mai tada yaro: gwargwadon nauyin barcinsa, gwargwadon ɗaga muryarta. TSH sama, T4 ƙasa, tayirod ya gaza. TSH ƙasa, T4 sama, ya wuce kima.

Abubuwa uku kan ɓata sakamako. Maganin sha na gyaran gashi mai sinadarin biotin, a dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin gwaji. Ciwo mai tsanani, gara a jira ki warware. Sai ciki, wanda ke sauke TSH a watanni ukun farko, don haka ki faɗa wa likita.

In akwai kumburi, za a yi sikanin wuya, wani lokaci a zuƙi kaɗan da siririyar allura a bincika. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Wurin cike yake da jijiyoyin jini.

Wadda aka ɗora kan levothyroxine, maganin tayirod da ya gaza, ta sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ko sahur, ta raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4, ta sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Mai shan carbimazole kuwa, maganin tayirod da ya wuce kima, in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ta, ta dakatar da shi ta je asibiti a ranar, domin yakan rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.