Shawara: ku sayi kayan miya a bakin lambu

Jama'a, idan kuna da lambu kusa da ku, ku daina jiran kasuwa. Ku haɗu gida uku ko huɗu ku sayi kwandon tumatir kai tsaye daga hannun manomi, ku raba.

Ribar dillali da kuɗin mota da na dako duk suna kan tumatirin kasuwa. A lambu babu su.

Ku je da sassafe lokacin tsinka. Ku zaɓi wanda bai gama nuna ba, ya fi jure ajiya. Ku sa a juye kwandon a gabanku, manya a sama ake jerawa.

Tambaya biyu kada ku bari. Ta farko, yaushe aka yi feshin ƙarshe? Tun ɓarnar tsutsar tumatir ta 2016 manoma da yawa sun ƙara feshi, kuma kowane magani yana da kwanakin jira kafin tsinka, a rubuce jikin kwalba. Ta biyu, da wane ruwa ake ban ruwa? Rijiya ko dam, madalla. Ruwan kwata kuwa ku haƙura, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye.

Mai takin shanu ko na kaji, ku duba ko takin ya ruɓe kafin a zuba.

Dabarar ta fi aiki da rani, wajen Janairu zuwa Maris, a wurare irin su Kadawa da Kura a jihar Kano. Da damina kaya kan yi ƙaranci. Kuma in manomi ya riga ya karɓi kuɗin dillali, ba zai sayar muku ba. Abin da ya ragu cikin tumatirin da kuka saya, ku yanka ku shanya kauɗa.